Waƙar "Solidarity Forever" da 'yan ƙwadago ke rerawa: daga ina ta fito, kuma me ya sa tamu ta bambanta?

Malam, ka ce ka ji ana rera wannan waƙar a taron ranar ma'aikata da kuma lokacin yajin aikin malaman jami'a, kana so ka san ko 'yan NLC, ƙungiyar ƙwadago ta Najeriya, ne suka ƙirƙire ta, sannan wani ya ce maka wai asalinta waƙar coci ce. Toh ba 'yan NLC ba ne, waƙar ta girmi NLC da shekara 63, don ita ƙungiyar a 1978 aka kafa ta, waƙar kuma tun 1915 aka rubuta ta a Amurka. Wanda ya ce maka ta coci ce shi ma bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, amma karin muryar ne na coci, kalmomin kam ba ruwansu da coci ko kaɗan. Na daɗe ina koyar da tarihin ƙwadago a bitocin da ake shirya wa wakilan ma'aikata, kuma abin da nake fara gaya musu kullum shi ne abin da kuke rerawa ɗin nan amshi ne kawai, waƙar baiti 6 gare ta, kuma idan kana so ka gane inda wata ƙungiya ta dosa, duba baitukan da take tsallakewa.

Bari mu fara da karin tukuna, don ya riga kalmomin zuwa duniya da fiye da shekara hamsin. A farkon ƙarni na 19 Kiristocin kudancin Amurka, baƙaƙe da farare, suna yin wasu tarukan wa'azi a fili, a kafa tantuna a kwana ana wa'azi da waƙe-waƙe, a nan ne aka san wata waƙa mai wannan karin, wadda amshinta daga baya ya zama "glory, glory, hallelujah" ɗin nan. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, wasu sojojin Arewa da ke sansanin Fort Warren kusa da Boston suka ɗauki karin suka sa masa nasu kalmomin a kan John Brown. Shi John Brown bature ne mai tsananin ƙin bauta, a watan Oktoba na 1859 ya kai hari ma'ajiyar makaman gwamnati a Harpers Ferry da nufin ya raba wa bayi bindigogi su yi tawaye, abin bai yi nasara ba, aka kama shi aka rataye shi ran 2 ga Disamba na shekarar. Abin dariyar shi ne a cikin bataliyar akwai wani saje mai irin wannan sunan sak, John Brown, abokansa suna tsokanarsa wai yaya aka yi gawa take yawo, daga tsokana waƙa ta tashi, tana cewa gawar John Brown tana ruɓewa a kabari amma ruhinsa yana ci gaba da maci. Kafin ka ce kwabo duk rundunar Arewa ta ɗauka.

A watan Nuwamba na 1861 wata marubuciya, Julia Ward Howe, ta ji sojoji na rera ta a kusa da Washington, wani limamin coci da suke tare ya ce mata me zai hana ta rubuta kalmomi masu ɗan mutunci a kan wannan karin, tunda zancen ruɓewar gawa bai yi wa manya daɗin ji ba. Ta rubuta da asuba a otal, mujallar Atlantic Monthly ta buga a Fabrairun 1862, ita ce "Battle Hymn of the Republic" da har gobe Amurkawa ke yi a jana'izar manyansu. Kaga ke nan kafin 'yan ƙwadago su taɓa karin nan ya riga ya yi wa'azi, ya yi tsokana a bariki, ya yi yaƙin 'yanta bayi.

Wanda ya rubuta ta ma'aikata sunansa Ralph Chaplin, an haife shi 1887, ya tashi a Chicago, mai zane ne kuma ɗan jarida. Yana ɗan shekara wajen 7 ya ga an harbe wani ma'aikaci a gabansa lokacin yajin aikin kamfanin Pullman na 1894, irin abin nan da ba ya fita daga ran yaro. Da ya girma sai ya shiga ƙungiyar IWW, wato ƙungiyar ma'aikatan masana'antu ta duniya, wadda aka kafa a Chicago a 1905. Dole ka fahimci wannan ƙungiyar in kana so waƙar ta yi maka ma'ana. A lokacin babbar ƙungiyar ƙwadago ta Amurka ita ce AFL ta Samuel Gompers, ita kuma ta masu sana'ar hannu ce ƙwararru, kafintoci daban, birkiloli daban, masu injin daban, lebura kam ba shi da wuri, haka baƙin haure da ba su jin Turanci, yawancin rassanta ma ba sa karɓar baƙar fata. Su 'yan IWW suka ce a'a, ƙungiya ɗaya tal ga duk wanda ke sayar da ƙarfinsa, ba launi ba jinsi ba yare, kuɗin shiga kaɗan, kuma a layin farko na tsarin mulkinsu suka rubuta cewa tsakanin masu aiki da masu ɗaukar aiki babu abin da ya haɗa su. Ba ƙarin albashi kawai suke nema ba, so suke wata rana ma'aikata su ajiye aiki gaba ɗaya su karɓi masana'antun su riƙa gudanarwa da kansu. Taken nan da 'yan ƙwadagonmu ke yawan faɗa, cewa cutar da mutum ɗaya cutar da kowa ce, shi ma su ne suka yayata shi.

Su ne kuma suka mayar da aron kari sana'a. A garin Spokane wajajen 1909 akwai dillalan aiki da suke karɓar kuɗi a hannun leburori su tura su daji aikin katako, bayan kwana kaɗan shugaban aiki ya kore su a kawo wasu, su raba kuɗin. 'Yan IWW suna tsayawa a titi a kan akwati suna tona asirin wannan, sai masu wa'azin Salvation Army su zo da badujalarsu su rufe muryar mai magana. Mafitar da suka samu ita ce, tunda ba za ka iya hana badujala ba, to ka rubuta naka kalmomin a kan abin da take busawa, shikenan ta koma yi maka kiɗa kyauta. Daga nan ɗan ƙaramin littafin waƙoƙinsu mai jan bango ya fito, wanda ke shiga aljihun riga. Wanda ya fi kowa shahara a wannan harkar shi ne Joe Hill ɗan asalin Suwidin, wanda aka zartar wa hukuncin kisa ta hanyar harbi a jihar Utah a Nuwamban 1915 bisa tuhumar kisan kai da har yau ake jayayya a kanta. Hikimar ba baƙuwa ba ce a wajenmu, haka 'yan bandiri a Kano suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora yabon Annabi (SAW) a kai, don abin da kunne ya riga ya saba da shi ba ya buƙatar a koyar.

Abin da ya tunzura Chaplin shi ne abin da ya gani a West Virginia, yankin masu haƙar kwal na Paint Creek da Cabin Creek, inda aka yi yajin aiki daga 1912 zuwa 1913. A can kamfani ne ke da gidan da kake ciki, shi ke da kantin da za ka yi cefane, albashin ma sau da yawa ba kuɗin gwamnati ba ne, wasu kwabban kamfani ne da ba sa aiki sai a kantinsa, kuma a ma'aunin kamfani ake auna kwal ɗin da ka haƙo ba tare da wakilinka yana gani ba. Da suka shiga yaji sai aka ɗauko 'yan bangar haya na Baldwin-Felts suka watso iyalai waje da kayansu, mutane suka koma tantuna cikin sanyin hunturu, aka kafa dokar soja, har tsohuwar nan mai fafutukar ma'aikata, Mother Jones, aka kama aka gurfanar gaban kotun soja. A Fabrairun 1913 wani jirgin ƙasa mai sulke ɗauke da mashinga ya bi ta gefen tantunan Holly Grove cikin dare yana ɓarin wuta, ya kashe wani mahaƙi. Chaplin yana yankin yana aikin jarida da taimaka wa masu yajin, a can ya fara tsara baitukan, ya ƙarasa su a Chicago a Janairun 1915, ranar da marasa aikin yi suka fito macin yunwa a birnin. Wani abin lura, shi Harpers Ferry ɗin na John Brown yau a cikin West Virginia yake.

Ga abin da baitukan suka ƙunsa a taƙaice. Na farko yana cewa idan ruhin ƙungiya ya shiga jinin ma'aikata babu ƙarfin da ya fi nasu a ƙarƙashin rana, amma babu abin da ya kai ƙarfin mutum ɗaya rauni. Na biyu tambaya ce mai zafi, wai me ya haɗa mu da wannan kaska mai haɗama da ke so ya mayar da mu bayi da bulala, akwai abin da ya rage mana ban da mu haɗa kai mu yi faɗa? Na uku lissafi ne, mu muka nome filayen, mu muka gina biranen da suke kasuwanci, mu muka haƙa ramukan ma'adinai muka shimfiɗa layin dogo, yau ga mu a yashe cikin yunwa a tsakiyar abin da hannunmu ya yi. Na huɗu shi ne mai dukan, ya ce duk duniyar nan da 'yan cima-zaune suka mallaka tamu ce mu kaɗai, ba don mu yi bauta a cikinta ba sai don mu mallake ta. Na biyar ya ce sun kwashi miliyoyin da ba su yi gumi a kansu ba, alhali in ba da ƙwaƙwalwarmu da damtsenmu ba ko taya ɗaya ba za ta juya ba. Na shida ya ce ƙarfin da ke hannunmu ya fi zinariyarsu ya fi rundunoninsu, za mu iya haifar da sabuwar duniya daga tokar tsohuwar. Kowane baiti yana ƙarewa da layi guda, cewa ƙungiya ce ke ba mu ƙarfi.

Gwamnatin Amurka ba ta ɗauki wannan da wasa ba. Da ƙasar ta shiga yaƙin duniya na farko a 1917, a watan Satumba aka kai samame ofisoshin IWW a ko'ina a rana ɗaya, aka gurfanar da shugabanninta wajen 100 a Chicago a 1918 gaban alƙali Landis bisa zargin yi wa yaƙi zagon ƙasa, an yi wata huɗu da wani abu ana shari'a amma masu taya alƙali yanke hukunci ko awa ɗaya ba su yi ba suka ce duk suna da laifi. Chaplin, wanda a lokacin shi ne editan jaridar ƙungiyar, ya samu shekara 20, aka kai shi kurkukun Leavenworth, ya fito a 1923 bayan an yi masa sassauci. Babban jagoransu Bill Haywood ya tsallake beli ya gudu Rasha, a Mosko ya mutu a 1928. Ƙungiyar ba ta sake komawa yadda take ba.

Amma waƙar ta rayu, kuma a hannun wasu daban. A ƙarshen Disamban 1936 ma'aikatan kamfanin motoci na General Motors a garin Flint na jihar Michigan suka yi wani salon yaji, maimakon su fita waje a kawo wasu su maye gurbinsu, sai suka zauna daram a cikin masana'antar suka kulle ƙofa, kwana 44, matansu na kawo abinci ta taga, 'yan sanda suka zo da barkonon tsohuwa aka kore su da ruwan mesa da ƙarafunan ƙofar mota, gwamna Frank Murphy kuma ya ƙi bai wa sojoji umarnin fitar da su. Ran 11 ga Fabrairun 1937 kamfanin ya amince da ƙungiyarsu ta UAW, wato ta ma'aikatan ƙera motoci, suka fito suna rera waƙar Chaplin. Cikin shekara guda mambobin UAW suka tashi daga wajen dubu 30 zuwa dubu 500, waƙar ta zama takensu, har hedikwatarsu ta Detroit sunanta Solidarity House. A 1955 mawaƙi Pete Seeger ya sa ta a faifai, wanda shi ne mafi yawan mutane suka sani yau, a shekarar ne kuma aka kira shi gaban kwamitin majalisa mai farautar 'yan kwaminis, a shekarar dai AFL da kishiyarta CIO, gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan masana'antu, suka haɗe suka zama ƙungiya ɗaya.

Nan ne fa aka fara yi wa waƙar aski. Ƙungiyar da ta sa hannu a yarjejeniya da kamfani, take zama teburi ɗaya da manaja duk bayan shekara biyu ko uku, ga dokar Taft-Hartley ta 1947 da ta tilasta wa shugabannin ƙwadago rantsuwa cewa su ba 'yan kwaminis ba ne, yaya za ta miƙe a babban taro ta ce masana'antar tamu ce mu kaɗai, mai ita kuma kaska ne? Sai baiti na biyu da na huɗu suka riƙa ɓacewa daga takardun taro, aka bar huɗu, wani wurin ma uku. Chaplin ya ga wannan da idonsa kuma bai ji daɗi ba. A wani rubutu da ya yi a ƙarshen rayuwarsa, wanda aka buga a 1968 bayan mutuwarsa, ya nuna cewa shi bai rubuta waƙar don 'yan siyasa masu neman kujera ko shugabannin ƙwadago masu neman na tuwo ba. Ni a ganina yana da gaskiya rabi. Eh an cire wa waƙar haƙora, amma gaskiyar magana ita ce waɗannan masu askin su suka samo wa lebura fansho da inshorar asibiti da hutun ƙarshen mako, ita kuwa IWW da ta ƙi yarda da rubutacciyar yarjejeniya sai ta ci nasarar yaji yau, kamar na masaƙun Lawrence a 1912, bayan shekara ɗaya ka dawo ka tarar reshen ya watse. Shi kansa Chaplin ɗin ai bai tsaya inda yake a 1915 ba, ya zama mai tsananin adawa da kwaminisanci, ya koma ɗariƙar Katolika, ya ƙare rayuwarsa yana aiki a cibiyar adana tarihi ta jihar Washington a Tacoma, ya mutu 1961.

Ba ragi kawai aka yi ba, an yi ƙari. Daga shekarun 1970 mata 'yan ƙungiya suka riƙa ƙara nasu baitukan a kan daidaiton albashi da aikin gida da ba a biya, don a ta asalin ba a ambace su ba. Ma'aikatan gona 'yan asalin Meziko a California suna yin ta da Sifaniyanci, 'yan Quebec a Kanada suna da tasu da Faransanci wadda amshinta ya koma cewa tare za mu yi nasara, a Ostireliya ma ana yin ta. A 2011 da gwamnan Wisconsin Scott Walker ya kawo dokar da ta kusa ƙwace wa ma'aikatan gwamnati ikon ciniki da gwamnati a ƙungiyance, mutane suka riƙa taruwa a ginin majalisar jihar kullum da tsakar rana suna rera ta da sababbin baituka masu sunan gwamnan a ciki, shekara da shekaru, har a 2013 aka riƙa kama su saboda waƙa ba izini. Kar dai ka haɗa ta da ƙungiyar Solidarność ta Poland ta 1980, suna ne kawai ya zo ɗaya. Shi kuma karin ya ci gaba da yawonsa shi kaɗai, Martin Luther King ya rufe jawabinsa na ƙarshe a Memphis ran 3 ga Afrilun 1968 da layin farko na waƙar Julia Howe, kuma abin da ya kai shi garin yajin aikin masu kwashe shara ne. In kuma kana zuwa gidan kallon ƙwallo, abin da magoya bayan Manchester United ke rerawa na "glory glory" ɗin nan, wallahi karin nan ne dai.

Tamu ta Najeriya askinta ya fi na kowa zurfi. A titi amshin kawai ake yi, sannan layin ƙarshe an canja shi, maimakon a ce ƙungiya ce ke ba mu ƙarfi sai a ce kullum za mu yi faɗa don haƙƙinmu. Wannan canjin shi ya sa kowa ya iya ɗaukarta, ɗaliban jami'a, 'yan fansho, likitoci, 'yan kasuwar da aka rushe wa shaguna, masu zanga-zangar tallafin mai na Janairun 2012 lokacin da lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ba sai kana da katin ƙungiya ba. Amfaninsa ke nan. Illarsa kuma ita ce ainihin darasin waƙar, cewa mutum ɗaya ba komai ba ne sai an tsara shi cikin jama'a, ya fita daga ciki, shi ya sa za ka ga gwamnan da ma'aikata ke bin sa albashin wata da watanni ya dunƙule hannu a kan mumbari ranar 1 ga Mayu yana amsawa da kowa, babu abin da ke cikinta da zai sa ya ji kunya. Ranar ma da kanta daga Chicago ta samo asali, daga gwagwarmayar neman aikin awa 8 ta 1886, kuma a nan gida gwamnatocin PRP ne, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka fara ba da hutunta a 1980 kafin gwamnatin Shagari ta mayar da ita ta ƙasa a 1981. Baitin da ya fi dacewa da mu a ganina shi ne na biyar, na tayar da ba ta juyawa, don wanda ya ga ranar 3 ga Yunin 2024 da 'yan ƙwadago suka kashe babban layin wutar ƙasa suka rufe filayen jirgi a kan mafi ƙarancin albashi, wanda daga baya aka tsayar a naira dubu 70, ya ga baitin nan a aikace. Na uku kuma da an rera wa mahaƙan kwal na Iva Valley a Inugu, waɗanda 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe 21 daga cikinsu ran 18 ga Nuwamban 1949, da ba sai an yi musu sharhi ba.

In reshenku na tunanin yin ta da Hausa, abin ba zai yi wuya ba kamar yadda ake zato, don tsarinta irin na 'yar ƙwar huɗu ne da marubuta waƙoƙinmu suka saba da shi, ɗango uku na farko suna da ƙaramin amsa-amo nasu, na huɗu kuma shi ke dawowa iri ɗaya a kowane baiti. Inda za ku sha wuya shi ne tsawon ɗangon, gaɓa wajen 15 ne a kowane ɗaya kuma da saurin maci ake jan su, to duk kalmar da ke da dogon wasali in ta faɗa inda karin ke gudu sai ma'anarta ta karkace. Ku ba marubucin waƙa ma'anar baitukan shida duka, har da na biyu da na huɗun, ku bar shi ya gina nasa a kan karin, kar ku sa shi bin Turancin kalma da kalma.